Murphy Brown: Wasan Barkwancin Da Ya Jawo Fadar Shugaban Amurka Cikin Zancen Raino

A watan Nuwamba na 1988 tashar CBS ta Amurka ta fara nuna wani wasan barkwanci mai suna Murphy Brown, wanda Diane English ta ƙirƙiro. Candice Bergen ce ta fito a matsayin Murphy, 'yar jarida mai zafin baki da ta haura shekara 40, tana aiki a wani shirin labarai a birnin Washinton. Ba ta ɗaga wa ɗan siyasa ƙafa, kuma sakatare ba ya daɗewa a ofishinta. Mutane suna kallo suna dariya, har aka zo maganar ciki.

A labarin, Murphy ta sami juna biyu da tsohon mijinta, shi kuwa ya kama gabansa. Ta haifi ɗa namiji, Avery, a watan Mayu na 1992. Daga nan dariyar ta koma kan abin da kowace uwa mai aiki ta sani: kwanan zaune, kukan jariri, da neman wanda za a bar wa yaro kafin a fita. Wanda ya riƙe mata raino a ƙarshe shi ne Eldin, mai fentin da ya yi shekaru yana aikin gidanta bai gama ba.

Kwana ɗaya bayan an nuna haihuwar a talabijin, mataimakin shugaban ƙasa Dan Quayle ya yi jawabi a jihar Kalifoniya kan tarzomar da ta auku a Los Angeles. A ciki ya ambaci Murphy da suna, ya zarge ta da raina matsayin uba. Ƙasa ta ɗauka. Jaridu suka yi ta muhawara kan matar da babu ita a zahiri, shekarar kuma ta zaɓe ce. Da wasan ya dawo a watan Satumba, marubutansa suka saka jawabin nasa a cikin labarin, Murphy ta gayyato iyalai na gaske, ciki har da iyayen da ke raino su kaɗai, ta gabatar da su ga masu kallo.

Quayle bai yi ƙarya ba da ya ce yaro na buƙatar uba. Inda ya kauce shi ne da ya ɗora laifin a kan wadda ta zauna da jariri, ya ƙyale wanda ya gudu. Abin da ya fi nauyi ma shi ne, a cikin wannan watan na Satumba, shugaba George Bush babba ya ƙi sa hannu, karo na biyu, kan dokar da za ta ba ma'aikata hutun haihuwa da jinyar iyali.

Sai a watan Fabrairu na 1993 sabon shugaba Bill Clinton ya rattaba wa dokar hannu. Ta ba da mako 12, amma ba albashi, kuma a kamfanoni masu zaman kansu ta shafi masu ma'aikata 50 zuwa sama ne kawai. Murphy mai kuɗi ce, za ta iya jure wata uku ba a biya ta ba. Mai wanke kwanuka a gidan abinci fa?

Bergen ta lashe kyautar Emmy sau 5 da wannan rawa, wasan ya ƙare a 1998, aka sake farfaɗo da shi na ɗan lokaci a 2018. Har yau Amurka ba ta da dokar tarayya da ta tilasta wa kamfanoni biyan mai jego albashi a lokacin hutunta.