Kiredi 30 a kowane zango: lissafin da ke kayar da sababbin ɗaliban jami'a

Duk shekara, da zarar an liƙa sakamakon zangon farko a allon sanarwa, akan ga ɗaliban da suka ci jarrabawar BAC da maki mai kyau sun yi cirko-cirko suna duba sunayensu a jerin waɗanda za su sake zama. Galibinsu ba su rasa ƙwaƙwalwa ba. Sun faɗa ne cikin wani tsari da ba wanda ya zauna ya warware musu shi. A gidajen Hausawa da yawa na Kamaru, Chadi, Benin da Togo, ɗalibin shi ne na farko da ya taka jami'a, don haka ba shi da yaya ko kawun da zai tambaya.

Tsarin shi ne LMD, wato lisans, masta da dakta. Ya samo asali daga yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Bolonya a 1999. Ƙungiyar CEMAC, wadda Kamaru da Chadi ke ciki, ta amince da shi a 2006, UEMOA ta su Nijar, Benin da Togo kuma ta bi sahu a 2007. Shi ya sa ɗalibin Marwa da na Yamai da na Paraku ke magana da harshe ɗaya: lisans shekara 3 ce, zango 6, kiredi 180, kowane zango na da 30.

Kiredi ma'aunin aiki ne. Kowane ɗaya na nufin aikin awa 20 zuwa 25, kuma a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, domin awoyin sun haɗa da zaman aji, da darasin ƙananan rukuni da ake kira TD, da kuma karatun da ɗalibi zai yi shi kaɗai. Kiredi 30 ke nan awa 600 ne aƙalla. Idan aka raba su a kan mako 15, za a samu awa 40 a mako, daidai da aikin cikakken ma'aikaci. Jadawalin aji kuwa sau da yawa ba ya wuce rabin haka. Yaron da ya saba da lise, inda ake kiran suna kowace safiya, sai ya ga ranar Laraba ba shi da darasi, ya ɗauka hutu ne. Alhali jami'a ta riga ta lissafa wannan Larabar cikin awoyinsa.

Sai batun maki. Ana haɗa darussa rukuni-rukuni, kowane rukuni ana ce masa UE, kuma ana cin sa ne da maki 10 cikin 20. Makin na fitowa daga wuri biyu: ƙananan gwaje-gwaje da aikin gida na tsakiyar zango, da babbar jarrabawar ƙarshe. Wanda ya yi wasa da na farkon, ya shiga ɗakin jarrabawa da giɓi tun kafin ya ɗauki biro. Wanda bai kai 10 ba yana da damar zama na biyu, wanda ɗalibai ke kira ratirapaj, idan kuma abin ya sake ƙi, darasin ya zama bashi a wuyansa. Kiredi nawa ake buƙata kafin a wuce aji da bashi, da kuma ko maki mai yawa a wani darasi na iya rufe na wani, kowace tsangaya da nata ƙa'idar. A rubuce take a ofishin kula da harkokin ɗalibai, kuma karanta ta a makon farko ya fi dogaro da jita-jitar rukunin WhatsApp.

Yadda ake cinye waɗancan awoyin ma abin dubawa ne. Yawancin ɗalibai na maimaita karanta takardun malami har su ji sun saba da su, amma sabo da shafi daban, iya fitar da abin da ke cikinsa daban. Tun 1885 masanin nan na Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa na faruwa ne jim kaɗan bayan koyo. Maganin da bincike ya sha tabbatarwa shi ne a rufe littafi, a gwada faɗo darasin da ka, sannan a sake gwadawa bayan kwana biyu, bayan mako guda. Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan da sunan tilawa. Bambancin kawai, a jami'a ana son ma'ana tare da lafazi. Gwaji mai sauƙi ga wanda Faransanci ya zame masa harshe na biyu ko na uku: ya bayyana wa abokinsa darasin da Hausa. Inda harshensa ya sarƙe, nan ne bai gane ba.

Akwai kuma abin da jadawali ba ya nunawa. Ɗalibin da ya sauka gidan ɗan'uwa yakan zama ɗan aike da mai tsaron shago, ɗaliba kuma girki da raino su hau kanta, kunya ta hana su cewa komai. Iyaye za su taimaka ƙwarai idan suka yi wa mai masaukin bayanin awa 40 ɗin nan tun kafin yaro ya iso. Kwanan zaune a daren jarrabawa da shayi mai kauri yana rage abin da ƙwaƙwalwa ke riƙewa, domin cikin barci ne karatu ke zama. Zazzaɓin cizon sauro na mako guda na iya cinye gwajin tsakiyar zango, kuma takardar likita da aka kai a kan lokaci ce hujjar neman a sake ba da dama. Ɗalibin da ya daina zuwa aji, ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, yana buƙatar ganin likita ko wani babba da ya yarda da shi, tun kafin a ce masa malalaci.

Kiredin da aka ci ba ya zubewa, kuma wannan na da amfani ga iyalan da rayuwarsu ke ƙetara iyaka. Wanda ya yi shekara ɗaya a Ngaundere ya koma Njamena na iya neman a lissafa masa abin da ya tara, amma sabuwar jami'ar ce ke yanke hukunci, kuma takardar maki mai sa hannu da hatimi za ta nema. Najeriya da Ghana ba sa bin LMD, digirin farko a can yawanci shekara 4 ne. A Janairun 2024 ma Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo bayan wani binciken jarida kan sayar da digiri. Kafin a biya kuɗin rajista a jami'a mai zaman kanta, ya kamata a nemi shaidar izininta daga ma'aikatar ilimi mai zurfi, a kuma duba ko hukumar CAMES da ke Wagadugu ta amince da digirin.