Ilmin Gashi da Buƙatar Mata Masu Bincike a Ƙasar Birnin Kudu

Duk wanda ya taɓa zama da hantsi a harabar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, yana kallon yadda ake sauko da majinyata daga motocin Gwaram da ƙauyukan kewaye, wani a goye, wani a rungume, lalle zai lura da wata larura wadda allura da ƙwaya ba su kai ƙarshenta, watau ta mutumin da Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma gaɓoɓinsa suka ƙi komawa bakin aiki. Fannin da ke kula da wannan shi jama'a ke kira gashi, ko da yake sunan ya tauye masa haƙƙi, domin ɗumama jiki shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke ciki. Asalinsa sanin jijiya ne da tsoka da ƙashi, da hikimar koya wa jiki abin da ya manta, bisa awo da lissafi.

Jami'ar Ibadan ta fara karantar da shi a matakin digiri a 1966, aka kafa hukumar yi wa ma'aikatansa rajista a 1988, yau kuwa ga shi a Jami'ar Bayero ta Kano, kusa da mu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin mata. Matar da doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari, irin waɗanda ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ke yi wa aiki a asibitin Jahun, sau da yawa kan jaririn ya danne mata jijiyar ƙafa, har ta riƙa jan ƙafar in tana tafiya, al'amarin da Dakta Kees Waaldijk, wanda ya daɗe yana aiki a Babbar Ruga ta Katsina, ya yi rubutu a kansa. To, bayan an yi ɗinki an sallame ta, wa ke bin sawunta har ɗakinta, ya auna ko ƙafar ta dawo, ko tana iya ɗaukar tulu, ko tana iya ruku'u da sujada? Namiji, kome zurfin karatunsa, iyakarsa zaure, kuma akwai maganar da kunya ba za ta bari a gaya masa ba. Haka tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye, haka waɗanda shan inna ya naƙasa tun suna yara, waɗanda shelar kawar da cutar a 2020 ba ta miƙe musu ƙafa ba. Bincike kuwa ɗan'uwan ilmin riwaya ne, ba a karɓar zance sai da isnadi, isnadin abin da ke cikin gida kuma a hannun mace yake.

Tafarkin yana da tsawo. Yarinya za ta riƙe darussan kimiyya tun daga sakandare, ta yi shekara biyar ko fiye a jami'a, ta yi shekarar horo a asibiti da bautar ƙasa, sa'an nan digiri na biyu da na uku, inda za ta koyi tsara tambaya, da ƙididdiga, da mai da ma'aunan ciwo zuwa Hausar da tsohuwar ƙauye za ta fahimta. Galibi a tsakiyar wannan tafiya aure da goyo ke riskarta, a nan ne kuma ake asarar masu hazaƙa, saboda rashin mai riƙe musu yaro ko mai ba su izinin tafiya.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta aika mata malamai, waɗanda ake kira jaji, ƙauye-ƙauye domin ilmi ya iske mata a inda suke. Ya ku iyaye da mazaje na Birnin Kudu da Gwaram, in Allah Ya ba ku ɗiya ko mata mai sha'awar wannan fanni, ku taimake ta da izini da guzuri da haƙuri, har ta kammala.