Abin da Ke Kayar da Gwanin Iyo a Mashigin Ingila

A watan Agusta na 1950 jaridar Daily Mail ta shirya tseren iyo daga gaɓar Faransa zuwa ta Ingila. Mutum 24 suka faɗa ruwa, tara kacal suka taka tudu. Wanda ya zo na ɗaya, Hassan Abdel Rehim, sojan Masar ne da ya haura shekara 40, ya kuwa ƙetare cikin awa 10 da minti 50. Shekara na zagayowa wani Bamasare ya sake lashewa. Yadda mutanen ƙasar zafi suka kayar da 'yan gida a ruwansu ya nuna inda gizo ke saƙa: a wannan tsere babban abokin karawa sanyi ne, shi kuwa sanyi ana koya wa jiki zama da shi, ba sai an gada ba.

Ko a tsakiyar bazararsu ruwan mashigin ba ya wuce digiri 14 zuwa 18 a ma'aunin Salsiyas, alhali jikin ɗan Adam yana kan 37. Ruwa kuma yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska ninkin ba ninkin. Duk wanda ya taɓa watsa ruwan randa da asubar hunturu ya san wannan jan numfashi na ba-zata da ke ƙwace wa mutum. A banɗaki abin dariya ne. A teku, in ya zo daidai da igiyar ruwa ta mari fuska, ruwan gishiri ne zai cika ƙirji. Wannan firgita tana raguwa sosai in mutum ya riƙa shiga ruwan sanyi a kai a kai, shi ya sa masu niyyar ƙetarewa ke shafe watanni suna jiƙa kansu a bakin tekun Dover da ke Ingila. Daga baya sai sanyi na biyu ya zo, mai shiga a hankali. Yatsu su buɗe su ƙi haɗuwa, bugun hannu ya ragu, harshe ya kumbura da gishiri, magana ta fara sarƙewa. Idan zafin jiki ya faɗi ƙasa da 35, tunani ma ya fara kwancewa. Binciken da Pugh da Edholm suka wallafa a 1955 ya nuna cewa kitsen da ke ƙarƙashin fata shi ne bargon mai iyo, don haka a nan teɓa ba abin kunya ba ce. Maiƙon da suke shafawa kuwa, amfaninsa ya fi yawa wajen hana gogar hammata da wuya.

Sai kuma ruwan kansa, wanda ba ya tsayawa wuri ɗaya. Inda mashigin ya fi ƙunci kilomita 33 ne ko ɗan fi, amma kusan kowace awa shida ruwan yana juya akala, ya kwashi mai iyo ya yi gefe da shi. Matthew Webb, wanda ya fara ƙetarewa a 1875, ya yi awa 21 da minti 45. A 2010 Jackie Cobell ta shafe awa 28 da minti 44, ta kuma yi iyon fiye da kilomita 100 saboda wannan jan ruwa. Saurin mai iyo kenan wata garkuwa ce, domin ga wanda ya taso daga Ingila, jinkirin minti kaɗan a kusa da Faransa na iya zama ƙarin awoyi cikin sanyi.

Wani zai ce ai wannan ganganci ne, jefa kai ga halaka, tunda akwai rigar roba mai riƙe ɗumi amma dokar ƙetare mashigin ta hana ta, ta bar mutum da ɗan kamfai, hula ɗaya da tabarau. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. An rasa rayuka a wannan ruwa, hukumar iyo ta duniya ma ba ta yarda a yi gasarta a ruwan da ya gaza digiri 16. Sai dai ɗan ganganci ba ya lissafi, nan kuwa lissafi ya yi yawa. Kafin a karɓi sunan mutum sai likita ya duba shi, sai kuma ya yi iyon awa shida a ruwa mai irin wannan sanyi. Rigar robar kuma tana ɗaga jiki sama tana ƙara gudu, saboda haka wanda ya sa ta wani tseren daban ya shiga, ba za a auna shi da Gertrude Ederle ba, macen farko da ta ƙetare a 1926, ta kuma karya lokacin dukan mazan da suka riga ta.

Hujja mafi ƙarfi a ganina tana cikin jirgin rakiya. Mai iyo ba ya taɓa jirgin, sai dai a miƙa masa abin sha mai ɗumi a gora ɗaure da igiya, ya kurɓa yana shawagi cikin daƙiƙoƙi. Alƙali na zaune yana ƙirga bugun hannunsa a minti, 'yan rakiya na jefa masa tambayoyi don su ji ko amsar na fita daidai. Wanda sanyi ya shiga shi ne na ƙarshen sanin halin da yake ciki, don haka hukuncin a tsaya yana hannun matuƙin jirgi. Yakan yanke shi ko da fitilun Faransa na ƙyalli a gaba, mai iyo na rantsuwa lafiyarsa lau. A ja shi sama, a tsane shi, a lulluɓe, a ci gaba da sa masa ido, domin zafin cikin jiki kan ci gaba da sauka na wani lokaci bayan an fita daga ruwa.