Kwamfuta da Buhun Siminti

Mai buga bulo a Mabera bai cika tunanin jibsam ba, wato ma'adinin da ke hana siminti saurin daskarewa. Amma idan ya ƙare a masana'antar Kalambaina, wadda ta fara aiki a 1967, dole niƙa ya tsaya, siminti ya yi wuya a kasuwa.

Maganin irin wannan yankewa shi ne manhajar ERP, sunan da kamfanin Gartner ya raɗa a 1990. Aikinta tamkar na jijiyoyin jiki ne: da an sayar da kaya, labari ya isa sito da ofishin kuɗi, ta lissafa abin da za a sayo da ranar sayensa. Sai dai ba ta da ido. Idan ma'aji ya rubuta tan 50 alhali 15 ne a ƙasa, a kan 50 za ta yi lissafi.