Yakuwa a Tsakar Gida: Shukar da ke Lura da Tsawon Dare

Kowa ya san daɗin zoɓo mai sanyi a zafin Afrilu, amma a cikin yaran birni kaɗan ne suka taɓa ganinsa a jikin uwarsa. Uwar ita ce yakuwa, wadda mutanen Sakkwato da na Nijar ke kira sure. Ganyenta ake zubawa a fate da miyar taushe, ƙwayarta ake yin daddawar batso da ita, jan kwanson da ke rungume da ƙwayar kuma shi ne zoɓorodo. Mutane da yawa na zaton furen ake jiƙawa a sha. Furen yakuwa fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, da jan ɗigo a tsakiya. Da safe yake buɗewa, kafin magariba ya yanƙwane. Bayan ya faɗi ne kwanson da ke gindinsa ke yin kauri, ya yi nama, ya rine.

Danginta ba baƙi ba ne a wurinmu: rama, kuɓewa da auduga duk gida ɗaya suka fito. Haka ma wannan itaciyar ado mai manyan jajayen furanni da ake gani a harabar otal-otal da gidajen gwamnati, wadda Malesiya ta ɗauka a matsayin furen ƙasa tun 1960. A Jigawa zoɓo ya zama amfanin gonar kuɗi, ana loda buhunansa daga kasuwanni irin ta Maigatari zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, akasari a kai Meziko. Sudan, inda ake kiransa karkade, ta daɗe da yin suna da na yankin Kurdufan. Duk da haka, gindi biyar ko shida a bayan ɗaki sun isa su riƙe gida da ganyen miya tsawon damina, a kuma sami na sha a kaka.

Abin da ya fi ruɗa masu shuka ta a gida shi ne lokaci. Yakuwa ba ta fure don ta girma, sai dare ya fara fin yini tsawo, ko ya kusa. A Kano, yinin watan Yuni yana kusantar awa 13, na Disamba kuwa bai cika awa 11 da rabi ba. Mu wannan ɗan bambanci ba ya damunmu, ita kuwa ganyenta na auna shi kullum. Shi ya sa wanda ya shuka a Yuni da wanda ya makara har Agusta za su ga fure kusan lokaci ɗaya, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Sai dai na farko itaciyarsa ta kai ƙirji ta yi rassa, na biyu kuwa tasa ko gwiwa ba ta wuce ba, 'ya'yanta ba za su cika kwano ba. Wanda ya shuka da rani yana ban ruwa ma haka zai gani: fure tun tana 'yar ƙarama.

Ni kaina na taɓa cin wannan karo ta wata fuskar. Na shuka a gindin katanga, daidai ƙarƙashin fitilar sola mai kwana a kunne. Ta yi tsawo, ta yi ganye shar, har maƙwabta na aiko yara a tsinko musu, amma fure ya ƙi zuwa a kan kari. A wurinta dare bai taɓa yi ba. Saboda haka a zaɓa mata inda rana ke duka aƙalla awa 6, kuma inda duhu ke sauka sosai da dare.

Ƙasa mai rairayi wadda ruwa ke tsanewa da wuri ta fi so. Tana jure ƙishi fiye da yadda take jure kwanciyar ruwa. Saiwarta na ruɓewa in ta kwana biyu a taɓo, don haka a nisanta ta da bakin indararo da makwararar wanke-wanke. A zuba ƙwaya uku a rami mai zurfin gaɓar yatsa, a bar taku ɗaya tsakanin ramuka, in sun fito a cire raunana a bar mai ƙarfi. Wanda tsakar gidansa siminti ne ya samu buhu ko babban bokiti mai zurfi ya huda gindinsa, domin saiwarta miƙewa ƙasa take yi. Idan ta kai gwiwa, a tsinke kan. Da ma miya ake so, kuma tsinkewar ce ke sa ta yi rassa.

A kan taki ina da ra'ayi mai ƙarfi: a bar yuriya ga masara. In ta yi yawa, sai ganye ya cika, zoɓo ya yi ƙaranci. Tafi biyu na kashin awaki da ya riga ya ruɓe sun wadatar.

Ƙwarin da ke addabarta su ne na kuɓewa. Akwai ƙananan buzuzu masu tsalle da ke mayar da ganye kamar rariya, da wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga da ke maƙalewa a kan toho yana tsotse shi har ya murɗe. Tunda ganyen ci za a yi, gara a guji maganin feshi mai ƙarfi. Dakakken 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa ya kwana, a tace a ɗiga ɗan sabulu a fesa da yamma, yana rage su ƙwarai, haka ma barbaɗa toka da sassafe. Kada a maimaita ta a gurbin da kuɓewa ko tumatir suka tashi, don akwai tsutsar ƙasa mai sa saiwa ƙulle-ƙulle da ke bin su duka. Akuya kuwa, maganinta shinge.

Ita kuwa itaciyar adon nan mai manyan jajayen furanni, da reshe ake dasa ta, kuma tana shekaru. Tana son ban ruwa a kai a kai da rani, da ɗan inuwa bayan azahar a watannin bazara, in ba haka ba ta zubar da furanni tun ba su buɗe ba.

Mako biyu zuwa uku bayan faɗuwar fure, kwanson yakuwa ya nuna. A yanke shi da wuƙa tun yana da taushi, a ɓare, a shanya a kan tabarma mai tsabta inda iska ke ratsawa, kada a baza shi a ƙasa ya kwashi yashi. Uwargida, ki bar gindi ɗaya mafi kyau kada ki taɓa shi har ya bushe a tsaye. Shi ne irinki na baɗi. Ki zuba ƙwayarsa a kwalba ki rufe sai ruwan Yuni ya zauna.