TURKMENISTAN: ABIN DA YA KAMATA MATAFIYI YA SANI KAFIN YA ƊAURE KAYA

Turkmenistan ƙasa ce ta tsakiyar nahiyar Asiya, tana iyaka da Iran, Afganistan, Uzbekistan, Kazakistan da tekun Kasfiya. Ta samu ƴancin kanta daga Tarayyar Sobiyet a shekarar 1991. Hamadar Karakum ta cinye kusan kashi 70 cikin 100 na ƙasar. Amma ga baƙo, rairayi ba shi ne babban shinge ba, takardu ne.

Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne, ba a ba mai yawon buɗe ido biza sai da takardar gayyata. Kamfanin tafiye-tafiye da gwamnati ta yarda da shi ke nema masa ita daga hukumar shige da fice da ke Ashgabat, babban birnin ƙasar. Ana ɗaukar makonni kafin amsa ta fito, kuma hukumar tana iya ƙi ba tare da ta faɗi dalili ba. Saboda haka mai hankali ba ya sayen tikitin jirgi sai takarda ta shigo hannu. A shekarar 2025 an kafa dokar ba da biza ta intanet, don haka sai mai niyya ya tambayi kamfanin tsarin da ke aiki a lokacin tafiyarsa. Daga Yamai, hanya mafi sauƙi ita ce a bi ta Istanbul.

Baƙo ba ya zaɓar masauki yadda ya ga dama. Tun kafin ya iso, kamfanin ke rubuta garuruwan da zai bi da otel ɗin da zai kwana, kuma a waje da Ashgabat ɗan jagora na tare da shi. Wanda zai wuce kwana 3 na aiki dole a yi masa rajista a hukumar shige da fice. Yankunan bakin iyaka kuwa sai da izini na musamman.

A Ashgabat, birnin da girgizar ƙasa ta rusa a 1948 aka sake gina shi, akwai manyan otel na farin dutsen marmara. A cikin hamada labari ya sha bamban. A Darwaza, kimanin kilomita 260 arewa da babban birni, akwai wani makeken rami da iskar gas ta shekara da shekaru tana ci da wuta cikinsa. Masu zuwa kallo suna kwana a bukkokin makiyaya na gashin tumaki ko a tanti, ruwa kuwa sai wanda aka ɗauko a mota. Tsohon birnin Marw, wanda Yunesko ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, daga garin Mari ake zuwa gare shi, nan ne kuma ake kwana.

Sunan kuɗin ƙasar manat. Katin banki na waje bai cika aiki ba, sai a riƙo dalar Amurka, sabbin takardu marasa yagewa. An toshe Facebook da WhatsApp da YouTube, don haka a sanar da iyali tun a gida cewa za a yi kwanaki ba labari. Magunguna irin su taramadol da kodin suna iya kai mutum gidan kaso. Haramun ne ɗaukar hoton fadar shugaban ƙasa, barikin soja da ƴan sanda, haka nan shan taba a kan titi.

Game da lokaci, zafin Yuli yana wuce digiri 40, sanyin Janairu kuma yana daskarar da ruwa. Afirilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, su ne watannin tafiya. Ko a lokacin, daren hamada na buƙatar bargo.

Hausawa sun ce in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura. Wanda ya kiyaye doka zai ga Marw da wutar Darwaza, ya sha shayin makiyaya, ya komo gida lafiya. Wanda kuwa ya zarce kwanakin bizarsa, tara da kora ke jiran sa.