Ƙungiyoyin taimakon jama'a da shafin intanet: gonar gado ko gonar aro?

A zamanin yau, ƙungiyar taimakon jama'a da ta fita neman tallafi, ko ta mata masu asusu ce, ko ta iyayen ƴan makaranta, ko ta masu dashen itatuwa, da wuya a rabu ba a tambaye ta adireshin shafinta na intanet ba. Mai ba da taimako yana zaune nesa, a Yamai ko a wata ƙasa, ba shi da halin zuwa ƙauye ya ga rijiyar da aka haƙa. Shafin nan shi ne idonsa. A da, gina shafi aikin gwanaye ne waɗanda suka san rubutun umarnin kwamfuta, ladansu kuwa ya fi ƙarfin ƙananan ƙungiyoyi. Wannan ya sa da yawa daga cikinsu suka juya ga kayan zane na intanet, watau wuraren da mutum ke shiga ya zaɓi fasalin da aka riga aka tsara, ya sa hotunansa da rubutunsa, ya danna, sai shafi ya fito.

Wanda ya fi suna a wannan fage shi ne Canva, kamfanin ƙasar Ostareliya, wanda Melanie Perkins da Cliff Obrecht da Cameron Adams suka buɗe wa jama'a a shekarar 2013. Da fari aikinsa zanen takardun talla ne da katunan gayyata da hotunan da ake sawa a Facebook. A shekarar 2022 ya ƙara da gina shafuna. Akwai kuma Wix, wanda aka kafa a Isra'ila a 2006, shi kuwa tun asali don gina shafuna aka yi shi. Dukansu biyu suna barin mutum ya fara aiki ba da biyan ko dala ba.

Amfanin da ke ciki

Amfani na farko shi ne araha. Canva yana da tsari na musamman wanda ke ba ƙungiyoyin da ba neman riba suke ba damar aiki da kayansa na kuɗi kyauta, muddin sun nuna takardun rajistarsu an kuma tabbatar da su. Kuɗin da za a ba gwani sai su tafi ga sayen allunan makaranta ko irin shuka.

Na biyu shi ne sauri. Idan ambaliya ta ci gari, ko fari ya auku, ƙungiya ba ta da lokacin jiran gwani wata biyu. Sakatare mai ɗan sanin kwamfuta yana iya tsara shafin neman agaji cikin yini guda.

Na uku, alƙalami yana hannun masu aikin. In an sauya ranar taro, ko an sami sabon shugaba, su da kansu za su gyara, ba sai sun bi sawun wani suna roƙo ba. Haka kuma tambarin ƙungiya da launinta za su zama iri ɗaya a shafi da takardun bango da rahoton shekara, abin da ke ƙara mata kwarjini a idon baƙo. Kula da manyan na'urorin da ke ajiye shafin, da tsare su daga ɓarayin intanet, duk wannan nauyi yana wuyan kamfani.

Inda gizo ke saƙa

Amma fa masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Babbar matsala ita ce shafin da aka gina ta wannan hanya tamkar shuka ce a gonar aro: hatsi na manomi ne, ƙasa ta mai gona ce. Wix ya bayyana a fili cewa shafin da aka gina a wurinsa ba a iya ɗauke shi a kai wani wuri. Ranar da ƙungiya ta so tashi, sai dai ta kwashe hotuna da rubutu ta sake gini daga tushe. Mai gona kuma yana iya karɓe gonarsa. A shekarar 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina shafuna kyauta. A 2018 Adobe ya sanar da daina kayan aikinsa mai suna Muse, wanda aka yi domin masu zane su gina shafi ba tare da rubutun umarni ba. A 2024 Google ya rufe ƙananan shafunan kyauta da ya ba ƴan kasuwa. Duk waɗannan manyan kamfanoni ne, girmansu bai hana su rufe ƙofa ba.

Sai maganar suna. Adireshin kyauta yana ɗauke da sunan kamfani a wutsiyarsa, kamar wixsite.com ko my.canva.site, a tsarin kyauta na Wix ma har da tallar kamfanin a kan shafin. Ƙungiyar da ta buga wannan adireshi a takardunta, in ta tashi, duk wanda ya bi shi zai tarar da kango.

Akwai kuma nauyi. An tsara waɗannan kayan ne domin ƙawa: manyan hotuna, rubutu mai motsi, launi bisa launi. A birnin da rezo ke da ƙarfi abin sha'awa ne. A ƙauyukan Tawa ko na Damagaram kuwa, inda ake sayen intanet kaɗan-kaɗan a salula, shafi mai nauyi yana cinye kuɗin mai karatu tun bai buɗe ba. Ke nan an burge na nesa, an rufe wa na gida ƙofa.

Harshe ma yana shan wuya. Da yawa daga salon rubutun ado ba su da haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Sai su fito da wata siffa dabam, ko a ga ɗan akwati a madadinsu, ko kuma mai rubutu ya gaji ya zubar da ƙugiya, ƙofa ta koma kofa, ɗaki ya koma daki. Wasu kan kauce wa haka ta hanyar mai da rubutu hoto. Nan ma an gudu ba a tsira ba, gama na'urar da ke karanta wa makafi shafi ba ta karanta hoto sai an rubuta masa bayani, injin bincike irin na Google ma bai cika gane abin da ke ciki ba.

Kyautar kuma tana da iyaka. Da aiki ya bunƙasa, ana bukatar rumbun rahotanni, ko shafi cikin Faransanci da Hausa da Zabarmanci, ko hanyar karɓar gudummawa, sai a iske ana neman biya duk wata ko duk shekara, da katin banki, abin da ƙungiyoyin karkara da yawa ba su mallaka ba. Ban da wannan, sau da yawa wani saurayi ɗan sa-kai ne ke buɗe asusun da sunansa. Ran da ya tafi karatu ko cin rani, ya tafi da mabuɗi. Sunayen masu cin moriya da hotunan yara da marasa lafiya kuwa amana ce da ke tafiya na'urorin wata ƙasa, alhali tun shekarar 2017 Nijar ta kafa doka a kan kare bayanan mutane.

Abin da ya kamata

Akwai wata hanya, ita ce WordPress, wanda ya fito a 2003, ba mallakar kamfani guda ba ne, kimanin kashi 40 cikin 100 na shafunan duniya da shi aka gina su. Wanda ya girka shi a wurin ajiyar da ya yi haya yana iya ɗauke shafinsa ɗungurungum ya koma wani wuri. Sai dai yana son mai kula da shi a kai a kai, in ba haka ba ɓarayi su shige shi.

Saboda haka zaɓi ya danganta ga girman aiki. Ƙaramar ƙungiya mai son shafi guda da zai faɗi sunanta da aikinta da inda ake samun ta, ko shafin taro na ɗan lokaci, kayan zane sun ishe ta, da babu gara ba daɗi. Mai niyyar tara rahotanni shekara da shekaru kuwa, gara ta nemi gini mai tushe. Ko wacce aka bi, akwai abubuwa huɗu da kwamiti bai kamata ya sake da su ba. A sayi adireshi da sunan ƙungiya, mai ƙarewa da .org ko .ne, a riƙa sabunta shi kan lokaci. A buɗe asusu da adireshin wasiƙar ƙungiya, kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu ko uku na kwamiti. A ajiye kofen kowane hoto da rubutu a ofis. A gwada shafin a ƙaramar salula a ƙauye kafin a sanar da jama'a.

Noma gonar aro ba laifi ba ne ga wanda bai sami tasa ba tukuna. Abin da ake gudu shi ne manomi ya kafa rumbunsa a cikinta, ya kuma bar mabuɗin a hannun baƙo.